Hoton da Na Rufe da Kwalli

A ƙauyenmu idan aka ce "mai gilashin nan," ni ake nufi, alhali ban taɓa yanka gilashi ba a rayuwata. Rezin nake zubawa. Ruwa ne iri biyu a jarka biyu, kowanne shi kaɗai ba ya tsinana komai, amma in ka auna su ka haɗa ka juya, ka zuba a mazubin roba, kafin gobe ya daskare garau, ana hango komai ta cikinsa. Wata mata ce ta koya mini a Bacirawa, can cikin birni, bayan na gama kwalejin ilimi a Bici na zauna shekara biyu ina jiran koyarwar da ba ta zo ba. Na dawo gida da jarkokina na kama yi wa amare farantin ado da maƙalin makulli da ɗan kunne, maƙwabta suna ƙorafin wari, ni kuma ina ce musu warin taki ma ba su gudu ba.

Duk wahalar sana'ar a wajen kala take. Akwai kala ta ruwa, a 'yar kwalba, ɗigo-ɗigo ake sa ta. Tana rina rezin amma ido yana wucewa, kamar zoɓo a kofin gilashi. Akwai kuma kala ta gari, ita toshewa take yi, ta mayar da shi kamar koko, komai ka binne a ciki ya tafi ke nan. Tsakanin zoɓo da kokon nan mai sana'a ke rayuwa, kuma ni a lokacin gani nake babu wadda ta kai ni sanin wurin. Allah ya yi ni da son a ce na iya. Tun ina ƙarama Inna take cewa ko hanyar garin da ban taɓa zuwa ba aka tambaye ni, sai na miƙa hannu na nuna.

Yayata tana aure a unguwar gaba, gona huɗu ce tsakaninmu. Ta daɗe ba ta haihu ba, sannan Allah ya ba ta 'ya mace guda ɗaya, daga ita kuma shiru. Yarinyar tana da shekara bakwai sanƙarau ya kama ta a tsakiyar bazara. Ranar Talata ta ce wuyanta na ciwo, ranar Juma'a kafin a tafi masallaci an kai ta makwancinta.

Mijin Yaya, wanda muke kira Malam, manomi ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Abin da ya gani ne ya tsorata shi. Bayan an watse zaman makoki Yaya ta daina cin abinci. Ta karɓe wayarsa, ta zauna a bakin gado daga safe har rana ta faɗi tana kallon hotunan yarinyar, in caji ya ƙare ta zauna tana kallon baƙin gilashin. Ya je ya yi shawara da dattawa, suka ce kallon hoton mamaci sabunta ciwo ne kullum, kuma yana hana zuciya karɓar ƙaddara, addu'a ce take isa ga yarinyar. Sai ya goge hotunan duka. Bai tsaya nan ba, ya bi dangi gida-gida yana roƙon duk mai hotonta ya goge, don kada Yaya ta je ta samu. Ya zo gidanmu ya tsugunna a zaure, idonsa jajir, ya ce, "Don girman Allah ki taimake ni, kar na rasa su su biyu." Guda huɗu ne a wayata. A gabansa na goge su, har da kwandon sharar wayar ya sa na buɗe. Na yi kuka bayan ya tafi, amma a ranar na ɗauka daidai muka yi.

Aka shiga damina, aka yi shuka, aka yi noman fari. Yaya ta fara cin abinci, ta fara fita tsakar gida, kowa ya ce ga shi nan, maganar dattawa ta yi amfani.

Wata safiya cikin marka, maza duk sun tafi gona, sai ga ta ta shigo ɗakin da nake aiki, gefen zaninta sharkaf da raɓar gero. Ta janyo ƙofa. Ta kwance haɓar zani ta fito da wata 'yar takarda a naɗe cikin ledar magi. Fasfo ne, irin wanda ake manna wa ɗalibai a katin makaranta. A aljihun jakar yarinyar ta tsince shi, ta ɓoye shi a ƙasan kwalla wata uku ba wanda ya sani. Yarinyar ce cikin farin hijabin makaranta, ta tsuke baki don an ce kar ta yi dariya. Danshi ya fara cinsa, kusurwa ɗaya ta yi funfuna.

"Shi ke nan ya rage," in ji Yaya. "Ruɓewa zai yi. Ki sa mini shi a gilashinki."

Na ce, "Yaya, wannan ai ba aiki ba ne. Amma in Malam ya gani fa?"

"Shi ya sa na zo wurinki. Ba ke kika ce kina iya sa abu ya yi duhu yadda kike so ba? Ki yi mini shi yadda in na rataye a ɗaki, kowa zai ga baƙin ado ne kawai. In na fito da shi rana, ni kaɗai, in gan ta."

Na kalle ta. Wallahi abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne, daɗi ne, don ban taɓa jin wanda ya nemi irin wannan ba kuma na san zai yiwu. Ɗakunanmu na ƙasa duhu gare su, taga ɗaya 'yar mitsitsiya. Kala ta ruwa in ta yi kauri a ɗaki baƙi za ta nuna, amma rana mai ƙarfi za ta ratsa ta ta taɓa hoton ta dawo. Na ce mata, "Kin zo gidan, Yaya."

Na ɗauko wayata zan ɗauki hoton, don in ajiye ko da wani abu. Ta riƙe mini hannu gam. Ta ce mijina yana ɗaukar wayata, kuma shi da Malam majalisarsu ɗaya, in ya gani magana ta fita. Ta sa na rantse. Da na dage da ta bari, na san halinta, amma ban dage ba, don a zuciyata ban ga abin da zai faru ba. Na ajiye wayar. Ta mayar da hoton haɓar zaninta ta ce in na shirya in aika.

Kwana huɗu na yi ina gwaji. Na yayyanka tsofaffin fasfona na kwaleji, na zuba su a murafen kwalba, wannan ɗigo uku na baƙar kala, wannan biyar, wannan bakwai, wannan tara. In sun bushe in shiga da su ɗaki in fito da su tsakar gida, in shiga in fito, har Inna da ta zo gaishe mu ta tambayi mijina ko lafiyata ƙalau. Mai ɗigo uku ko a ɗaki ana ganin fuskata tana zare ido. Mai tara ko a rana sai an ƙura. Bakwai ne ya faɗa daidai. A ɗaki baƙi wuluk, a rana ga ni nan tangaran, har kwalliyar goshina. Na yi murna kamar na ci jarrabawa. Abin da ban kula ba shi ne gwajin ya sha kusan duk baƙar kalar, saura ɗan laɓe a gindin kwalba, kuma sai birni ake samun ta.

Na zuba bayan abin tun da wuri, baƙi mai toshewa, zagayayye kamar bakin kofin shayi, da 'yar huda ta zare a sama. Ya bushe. Na aika wa Yaya.

Ta zo ranar da Malam ya tafi kasuwar Bici neman taki. An wayi gari da yayyafi, sama ta haɗe, sanyi har cikin ƙashi. Matar da ta koya mini tana da doka da take maimaita mana har mu gaji: duk hoton da za a binne, a fara shafe shi da farin rezin zalla, a bar shi ya kwana, sannan a kawo mai kala a kai. Na gaya wa Yaya haka, na ce kwana biyu za a yi. Ta girgiza kai. Ta ce tun da ta tsinci hoton bai taɓa kwana nesa da ita ba, kwana ɗaya ma da ƙyar za ta iya. Na san dokar, na san dalilinta, amma na ce a raina ai don masu koyo aka yi ta. Na kwantar da hoton a kan baƙin bayan, fuskarsa sama, na haɗa ruwa.

Kwalbar baƙar kalar ta ba ni ɗigo huɗu. Na matsa, na jijjiga, na kifa ta, na biyar ya fito rabi. Na tsaya ina huci, ina zagin kwalba.

A nan Yaya ta sake kwance haɓar zani. Wannan karon ɗan tandun kwalli ne na fata, ƙarami, da jan zare a wuyansa. Na yarinyar ne. Tana son kwalli kamar me, ko makaranta za ta sai an zizara mata, in aka hana ta ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi motsi.

"Dama ina so in roƙe ki," in ji Yaya. "Ki sa mata kaɗan a ciki. Tun da baƙi ne ai ya zo daidai."

Na ce kwalli gari ne, in za a sa shi a bayan hoto ya kamata a sa, kuma bayan ya riga ya bushe.

Ta ce, "Ke ma dai. Kwalli a ido ake sa shi, wa ya taɓa sa shi a ƙeya?"

Rabon da in ji Yaya ta yi maganar da ta yi kama da wasa tun bazara. Abin ya karya mini zuciya. Kuma ban taɓa gwada kwalli a rezin ba, amma kalmar "ban sani ba" ta fi ƙarfin bakina. Na tsoma bakin tsinke a tandun, na kaɗa a ruwan, na juya. Na ɗebo a cokali na ɗaga wajen ƙofa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwan ya yi toka-toka mai duhu, yana ƙyalli ƙasa-ƙasa, kuma ina hango gindin cokalin sarai. Na zuba a kan hoton. Fuskar yarinyar ta fito daga ƙasa kamar tana leƙowa daga cikin randa.

Yaya ta sunkuya ta daɗe. Sannan ta ce, "Ana ganin ta da yawa. Ko a ɗakin nan ina ganin ta. Malam zai gane."

Gaskiyarta ce. Kala ta ƙare, tandu yana hannuna. Na ƙara bakin tsinke biyu a sauran ruwan, na juya, na bi ta kai na cika mazubin. Yanzu a ɗaki sai inuwa-inuwa. Muka tallabe shi muka kai bakin ƙofa, a hasken yayyafin nan ma ga hijabi, ga ido, ga bakin da ta tsuke. Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, ƙanwata." Na kifa kwano a kai don ƙuda, ta ja mayafi ta bi ta cikin gero ta tafi.

Kwalli dutse ne aka niƙa, nauyi gare shi. Kalar gari da muke saya an yi ta ne ta tsaya a rataye cikin ruwan har ya kama, shi kuwa kwalli ƙasa yake nema. Da bazara ce, zafi zai sa rezin ya yi kauri cikin ɗan lokaci ya riƙe shi inda yake. Amma ranar ruwa aka wuni ana yi, ɗakin ya yi sanyi, rezin ya zauna ruwa-ruwa har bayan azahar, kwallin yana sauka a hankali, kuma babu abin da ke ƙasansa sai fuskar yarinyar. Duk wannan daga baya na san shi.

Da la'asar na ɗaga kwanon. Fuskar ta yi dishi-dishi, hijabin kawai nake rarrabewa. Na taɓa gefe da tsinke, ya riga ya yi danƙo, in na ja hoton a lokacin fatarsa za ta saluɓe ta bar ni da farar takarda. Na mayar da kwanon na ce zai washe in ya bushe. Na san rezin ba ya washewa, amma na faɗa wa kaina haka, har na yi sallar magariba ina roƙon Allah ya canza wa dutse hali.

Washegari rana ta fito fes. Na ɓare shi daga mazubi na fita tsakar gida na ɗaga. Saman garau yake kamar ruwan rijiya, a ƙasa kuma wani shimfiɗaɗɗen baƙi mai ƙyalli ya kwanta daga gefe zuwa gefe. Na juya shi dama, na juya hagu, na haska masa fitilar waya, na kai shi dab da idona har gashin ido yana taɓawa. Babu ko layin hijabi. Na zauna daɓas a kan turmi.

Ina nan zaune Yaya ta yi sallama. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga wa rana, ta ƙanƙance ido. Ta daɗe. Sai na ji bakina yana cewa, "Bai gama bushewa ba, Yaya. Na damina haka yake, sai ya sha rana sannan ya washe."

Ta ce, "To." Ta ƙulle shi a haɓar zani ta tafi.

Wannan ƙaryar ta fi kwallin yi mini ciwo, har yau. Ta sa masa zare ta rataye a ƙusa saman gadonta. Malam ya gani ya yaba, har da muka haɗu a hanya ya ce, "Adon nan da kika yi wa yayarki ya yi kyau, ga shi tana son sa." Kullum da hantsi, in ya fita, takan sauko da shi ta ɗora a kan katanga ya sha rana, kamar ana shanya kuka, sannan ta ɗaga ta duba. Wata maƙwabciyarta ce ta gaya mini, tana dariya, tana tambaya ko wani magani ne.

Ban zauna ba. Na je makarantar yarinyar a ɓoye, aka ce ɗayan fasfon yana manne a katin da aka ba iyaye, wanda Malam ya ƙone. Mai hoton kuwa ɗan yawo ne, a babur yake zuwa sau ɗaya a shekara, wanda ya san shi ya ce ya bar sana'ar ya tafi kudu. Na kira matar da ta koya mini na faɗa mata komai. Ta yi salati, ta tambaye ni ko na fara shafa farin. Da na ce a'a, sai ta ce da na shafa, da sai a goge saman da samfefa, takardar yashin nan ta kafintoci, har a wuce kwallin a tarar da hoton lafiya a ƙasa. Yanzu kuwa kwallin da fuskar sun zama abu ɗaya. Duk da haka na karɓo shi wurin Yaya da sunan zan goge masa ƙura, na ci gefe ɗaya da samfefa a hankali, wuni guda. Da na isa baƙin na ɗan ƙara, sai ga farar takarda tas, kafaɗar yarinyar ta tafi tare da kwallin ta zama gari a yatsana. Na tsaya. Na cike wurin da baƙi na mayar mata.

Na daina zuwa gidanta. In na hango ta a hanyar rijiya sai in sake hanya. Na zama mai faɗa a gida, ba wanda ya isa ya tambaye ni me ya faru, jarkokin rezin suka yi wata biyu ban buɗe su ba.

Da kaka, an yanke gero an kwantar da kara, gonakin da ke tsakaninmu suka buɗe har ana hango ƙofar gidanta daga tamu. Ba sauran wurin ɓuya. Wata rana da hantsi na ɗauki mayafi na tafi. Na same ta a tsakar gida tana tsince gyaɗa a faifai, abin yana kan katanga a rana. Na zauna a gefen tabarma, ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Yaya, ba zai washe ba. Ƙarya na yi miki. Na ɓata shi tun ranar, ni na ɓata shi, kuma ba shi da gyara."

Ba ta ɗago ba. Ta jefa wata ruɓaɓɓiyar gyaɗa wa kaji ta ce, "Na sani. Tun da na ga fuskarki a kan turmi na sani."

"To me ya sa kike shanya shi?"

"Tana ciki ai. In ban fito da ita ba wa zai fito da ita?"

Na fashe da kuka, ina ba ta haƙuri, ina cewa ta zage ni ko ta mare ni in ji sauƙi. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ajiye faifan ta ce ba wannan ne ya dame ta ba.

"Da, ko babu hoto, in na rufe ido ina ganin ta. Yanzu na kalli baƙin nan, na kalla, har ya zauna a wurin. In na kira fuskarta shi yake zuwa. Muryarta tana nan, tafiyarta tana nan, fuskar ce babu." Ta matso kusa da ni har gwiwarmu ta haɗu. "Ke kin daɗe kina kallon hoton ranar. Faɗa mini yadda take. Ki fara daga goshi."

Na rufe ido na nema. Farin hijabi ya zo, jan zaren tandu ya zo, a tsakiya kuma babu komai. Na buɗe ido, ga Yaya dab da ni tana jira, bakinta a ɗan buɗe. Sai na fara. Na ce goshinta mai faɗi ne, gashin gira siriri, na hagu ya ɗan fi na dama tashi. Idonta manya, ƙasansu da ɗan duhu. Hancinta gajere. Ina faɗa ina bin fuskar da ke gabana da ido, gaɓa bayan gaɓa, don ita kaɗai nake da ita.

Yaya tana gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta, tana cewa, "Haka ne. Haka take. Ci gaba."